Tsohuwar tashar da sai da na ɗauki hotonta sau biyu

Zauren kakana ya faɗi ba mu da hotonsa ko guda ɗaya. Wannan shi ne mafarin duk yawon nan da nake yi, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu. Zaure ne na ƙasa mai zankwaye huɗu, da dakali a bakinsa inda tsohon yake shimfiɗa buzunsa bayan la'asar, a cikinsa muka yi karatun allo, a ƙofarsa aka raɗa mini suna, amma da Allah ya yi masa rasuwa kowa ya watse birni neman abinci, aka daina yi masa yaɓe, indararo ya toshe ruwa ya dinga kwana a kan rufin, damina uku kawai ta ishe shi. Ranar da ƙanena ya kira ni yace yaya zauren Malam fa ya zube, nan take na shiga wayata ina lalube, ga hotunan biki ga na sallah ga na yara, zauren ne dai babu. Na tambaya a guruf ɗinmu na dangi a WhatsApp, mu sama da arba'in, iyakar abin da aka samo shi ne gefen katangarsa a bayan wata amarya.

Tun daga nan na ɗaura wa kaina fita. Ni ba mai hoto ba ne na sana'a, ina da aikina da nake ci da iyali daga Litinin zuwa Juma'a, amma ranar Asabar in dai da lafiya kuma akwai kuɗin mai, ana idar da sallar asuba nake tayar da mashin in bar Kano tun titi bai cika ba. Da wata Tecno na fara. Shekara biyu ina tara hotuna a cikinta wasu yara suka ƙwace ta a hannuna da daddare, wallahi ban ji zafin wayar ba kamar yadda na ji zafin abin da ke ciki, don har da gidajen da na san yanzu ba sa tsaye. Yanzu kam duk daren da na dawo sai na sa data na tura komai Google Photos kafin in kwanta, kuma in zan aika wa wani ta WhatsApp a matsayin dokumen nake turawa, don in ka tura kai tsaye matse hoton yake yi ya dusashe. Daga baya na haɗa kuɗi na sayi wata Canon ta hannu mai gilashi ɗaya, ita nake ratayawa, sai dai gaskiya har yanzu waya ta fi yi mini aiki, saboda a ƙauye da zarar an ga kyamara mai dogon baki sai yanayin mutane ya canza, mai dariya ya gimtse, mai aiki ya tsaya yana gyara hula.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne haske, da yadda kowane lokaci na shekara yake da irin nasa. Da farko tsakar rana nake ɗauka, in dawo gida in ga komai ya yi fari fat, ƙasa fari sama fari, inuwa kuma baƙa ƙirin a ƙarƙashin hular mutum ko idonsa ba a gani. Ashe abin tsakanin fitowar rana ne zuwa ƙarfe takwas da wani abu, sai kuma la'asar sakaliya, lokacin da rana take dukan katangar ƙasa daga gefe har ka ga shatin yatsun magini a jikin yaɓen. Ni a wurina babu abin da ya kai wannan kyau, hannun mutumin da wataƙila ya daɗe a ƙasa amma ga yatsunsa biyar nan a bango. A waya dabarar ba ta da yawa, ka goge gilashin da gefen rigarka kafin komai, ka dangwala yatsa a wurin da ya fi haske ka ja shi ƙasa kaɗan, kar ka yi zum, ka taka da ƙafarka ka matsa, in ta kama ka tsuguna ka tsuguna.

Mutane da yawa ba sa son fita da hunturu wai hazo yana ɓata hoto. Ni kuma lokacin na fi so. Hazo yana shafe duk tarkacen da ke nesa, turakun wuta da eriyar kamfanin waya da ledojin da suka maƙale a ƙaya, ya bar maka bishiya ɗaya da mutum ɗaya a kan jaki, rana kuma ta koma kamar farin faifai kana kallonta ido da ido. Illarsa ƙura ce, tana shiga ko'ina, shi ya sa nake naɗe kyamarar a tsohon rawani in sa a leda, kuma ba na taɓa cire gilashinta a waje. Sannan akwai gawo. Duk wanda ya tashi a karkara ya san halinsa, da damina kowace bishiya ta yi kore shar shi kuma ya kaɗe ganyensa ya tsaya tsirara, da rani kowa ya bushe shi kuma ya yi lif, awaki da tumaki su taru a gindinsa suna jiran 'ya'yansa su faɗo. Akwai wani gawo a gefen hanyar Gezawa da na ɗauka daga wuri ɗaya a watan Agusta da kuma Fabrairu, in ka jera hotunan biyu sai ka rantse an juya duniya ne, a ɗaya gero ya fi mutum tsawo shi kuma ƙarau babu ganye, a ɗayan fili fetal shi kaɗai ne kore.

Sannu a hankali na koyi gane kufai tun daga kan mashin. In ka hango kukoki biyar shida sun taru wuri guda a tsakiyar gonaki, ga tsamiya, ga ƙasar wurin ta ɗan yi tudu, to ka sauka ka duba ƙarƙashin ƙafarka, za ka ga tsingaro birjik a cikin kunya, wani lokacin har da guntun dutsen niƙa ko bakin tsohuwar rijiya da aka rufe da itace. Gari ne a da. Ginin ƙasa haka yake, daga ƙasa aka kwaɓa tubalinsa kuma in aka bar shi can yake komawa, azarar giginya ce kawai take jurewa ita ma maƙwabta su zare su yi wani rufin da ita. A wajen Kura, garin da ya yi suna da rinin turkuɗi wanda Buzaye ke naɗawa, na taɓa tsayawa a wata matacciyar marina ina ƙirga bakin karofi, wasu sun cika da shara wasu ciyawa ta fito a ciki, amma dabe na katsi da aka yi musu yana nan da ƙwarinsa kamar siminti. Da na leƙa ɗaya na ga har yanzu akwai ɗan shuɗi-shuɗi a jikin bangon, na ɗauka ya fi sau ashirin kafin launin ya fito yadda idona ya gan shi.

Wani abu da nake roƙon duk mai sha'awar wannan harka, don Allah kar ka shiga garin mutane ka ɗaga waya kawai. Zamanin ya lalace, mutanen karkara sun ga abin da infoma ya jawo wa garuruwa, baƙon da ke zagaya bayan gari yana ɗaukar hanyoyi dole a tsargu da shi, kuma suna da gaskiya. An taɓa tare ni, 'yan sa-kai uku da sanduna, suka karɓi wayar suka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ban yi musu gardama ba don in da garinmu ne ni ma abin da zan so a yi kenan. Tun ranar, duk inda na sauka ƙofar mai unguwa nake fara nema, in cire takalmi in durƙusa in ce ranka ya daɗe ni baƙo ne daga Kano, ga abin da ya kawo ni, in nuna masa katin aikina da hotunan wasu garuruwan. Sau da yawa yaro yake haɗa ni da shi, kuma yaron nan sai ya kai ni inda ni kaɗai ba zan taɓa ganowa ba. Matan aure ba na ɗauka, ko a bakin rijiya ko a masussuka, duk da na san hoton shiƙa da yamma idan ƙaiƙayi yana tashi cikin hasken rana abu ne mai kyan gaske, na haƙura da shi. Shingen jami'an tsaro da gada kuma ko kallonsu ba na yi da kyamara.

Akwai wuraren da raina yake kai amma hanya ta hana. Surame, birnin da Kanta na Kabi ya gina da ganuwar dutse tun ƙarni na 16, da Alkalawa ta Gobir da aka ci a 1808, duka a jihar Sakkwato, na daɗe ina son in tsaya a cikinsu da sassafe. Iyali ba za su bari ba, ni ma ba zan sa su cikin zullumi ba. Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne a can yankin na yamma yanzu sababbin kufai ake yi, garuruwan da mutane suka gudu suka bar tukunya a kan murhu da hatsi a rumbu. Wani ya taɓa ce mini ai irin waɗannan ne hotonsu zai yi tasiri. Nace masa a'a, masu gidajen nan suna raye, suna kwana a makarantun firamare da kangwayen birni suna jiran ranar komawa, ba zan iya zuwa ina neman kusurwa mai kyau a ɗakin matar da ke bara a titi ba.

To bari in zo kan tashar.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga nan ne cinikin gyaɗa ya buɗe, sai a 1930 aka kai reshensa har Nguru, ya ratsa ta Ringim da Taura da Gagarawa da Malam Madori da Birniwa. Garuruwa da yawa a wannan layin jirgin ne ya raya su, Malam Madori ma ai tashar ce ta mayar da ita gari don ita ce mashigar kayan Haɗeja. Ni tun ina yaro nake jin labarin dalar gyaɗa, buhu kusan 15,000 a dala guda, da sunan Alhassan Ɗantata, da cewa a shekarun 1960 babu ƙasar da ta kai Najeriya fitar da gyaɗa a duniya, amma duk a Kano nake hasko abin. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa kowane buhu daga wata ƙaramar tasha ya taso ba, a kan wuyan wani.

Wata Asabar cikin sanyi na bi ta Yankaba na wuce Jogana, na sha shayi a hanya, na yi faci sau ɗaya, na dinga bin layin ta hanyoyin burji har na iso wata ƙaramar tasha can gaba da Ringim, wajen ƙarfe huɗu. Ba zan faɗi sunanta ba saboda masu sare ƙarfe. Ginin tashar yana tsaye amma rabin kwanon ya yaye, tagar sayar da tikiti gizo-gizo ya saƙe ta, ga tankin ruwa a sama kan ƙafafunsa na ƙarfe tun na zamanin da jirgi ke cin kwal yana shan ruwa, ga wani tarago guda da aka ajiye a layin gefe har tumfafiya ta fito ta tsakanin ƙafafunsa. Daga baya can kuma jerin kangwayen kantuna. Hasken ranar ya yi yadda nake so, ja-ja, tsatsa ta ɗau launi kamar an shafa mata manja, wata akuya ta hau dakalin tashar ta tsaya daidai bakin ƙofa. Jikina har rawa yake yi ina ɗauka.

Ina tsugune ina ƙoƙarin ɗaukar rubutun da ke jikin ƙarfen layin sai na ji an ce kai yaro, awon me kake yi? Wani dattijo ne, zai haura tamanin, da sandarsa da carbi, fuskarsa babu wasa. Na miƙe na gaishe shi nace Baba hoto nake ɗauka, na riga na gaida mai unguwa. Yace haka waɗancan ma suka ce, suka zo da rana suka duba, bayan kwana uku suka dawo da dare da mota suka kwance ƙarfe. Sai da yaron mai unguwa ya sa baki, ni kuma na zauna a ƙasa kusa da shi na dinga nuna masa hotunan rumbuna da kukoki da marinar Kura, sannan ya saki fuska. Da ya ga rumbu yace wannan ba ginin ƙasarmu ba ne, bakinsa ya yi faɗi. Kuma gaskiyarsa, a wajen Rano na ɗauke shi.

Ashe ɗan dako ne a tashar tun yana saurayi. Ya ba ni labari har aka kira magariba, yadda da kaka ayarin jakuna da raƙuma ke kwana a filin nan da mangala cike da ɓararriyar gyaɗa, yadda akawun kamfani ke zama da littafinsa, su UAC da John Holt da Kwarori kowa da rumfarsa, yadda ake ɗinke buhun algarara a jera a rufe da tamfol kafin tarago ya samu, da masu tuwo da masu fura da 'yan kamasho da makaɗa, yace in jirgi ya yi kuka daga nesa har kaji sun san an kusa cin kasuwa. Da kuɗin dako ya yi aurensa na fari. Sai fari ya zo na 1973, bayansa a 1975 cutar nan da ke nannaɗe ganyen gyaɗa ta kuturta ta ta cinye gonaki, mutane suka koma gero da wake, motoci kuma suka ƙwace sauran kayan, shikenan wuri ya dinga mutuwa kaɗan-kaɗan. Bai faɗe shi da kuka ba, yadda ake ba da labarin wanda ya daɗe da rasuwa haka ya faɗa.

A garin na kwana, a ɗakin baƙin mai unguwa, aka kawo mini tuwon gero da miyar kuka. Na yi wa Baba alkawarin zan kawo masa hoton.

Na fi wata biyu ban koma ba. Na zaɓi guda biyar da na fi alfahari da su, na kai situdiyo aka wanke mini manya, har da na akuyar nan a bakin ƙofa wanda duk abokin da na nuna wa sai ya ce in sa a firem. Na same shi a gindin dalbejiya a ƙofar gidansa, muka gaisa, na miƙa masa ambulan ɗin da hannu biyu. Ya ɗauki na farko ya kai kusa da idonsa ya daɗe, ya ajiye, ya ɗauki na biyu, har ya gama biyar ɗin bai ce komai ba, sannan ya sake bin su daga farko kamar mai neman wani abu. Can ya ɗago yace ɗan nan, ina sikelin?

Nace Baba wane sikeli? Yace wurin awo mana, inda ake ɗora buhu. Ka ɗauko ofishin tikiti, mu me ya haɗa mu da ofishin tikiti, ni tunda nake sau biyu na taɓa shiga jirgin nan. Ka ɗauko tanki, ka ɗauko akuya. Inda muka yi rayuwar ba ka ɗauko ba.

Wallahi sai na ji kunya ta rufe ni, don na tuna a ranar farko ya nuna mini wani wuri da sandarsa yana magana, ni kuma hankalina yana kan rana da ke shirin faɗuwa, ina ta satar kallon tankin kar hasken ya wuce ni. Nace Baba ka yi haƙuri, tashi mu je ka nuna mini. Jikansa ya riƙe masa hannu muka taka a hankali, muka wuce ginin tashar, muka wuce taragon, har bayan kangwayen, ya tsaya a kan wani dandamalin siminti da ƙasa ta kusa binnewa, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, ya tsattsage, da wasu guntayen ƙusoshi huɗu masu tsatsa a tsakiya inda aka taɓa ɗaure sikelin, kashin awaki ko'ina. Na wuce ta kansa a zuwan farko, ina jin ma na taka shi.

Ya sa sandarsa ya share ƙasar da ke kan ƙusoshin. Yace nan malamin sikeli yake tsayawa, nan manomi yake tsayawa yana kallon allurar kamar zai cinye ta da ido don a nan ake yi masa adalci ko a cuce shi, guminsa na shekara guda, mu kuma muna layi daga nan, ana sauke buhu ka duƙa mutum biyu su ɗora maka, ka bi ta can ka hau katako ka shiga tarago. Ya nuna hanyar da hannu, taku wajen sittin, yanzu duk sabara ce. Sai ya kama wuyan rigarsa ya ja gefe ya nuna mini bayan wuyansa, fatar wurin ta yi kanta baƙa mai kauri, shekara sama da hamsin ba ta koma ba.

Ƙarfe ɗaya na rana ne, irin hasken da ba na ko fito da kyamara a cikinsa, sama fari fat babu inuwa ko ta sisi. Na tambaye shi ko in jira la'asar, yace ƙafarsa ba za ta kai shi ya sake dawowa ba, in zan ɗauka in ɗauka. Ya miƙa wa jikan sandar, ya gyara tsayuwa a kan dandamalin shi kaɗai, ya ɗan duƙar da wuya ya kai hannu biyu baya ta saman kafaɗa kamar mai riƙe da kunnuwan buhu, yace to ɗauki, haka muke yi.

Na ɗauka guda uku. A biyu hannuna ya girgiza.